Yada Zango a Kurmin Bakin Kogin Haɗejiya

Kwana a bakin ruwa ba sabon abu ba ne a ƙasar Haɗejiya. Da zarar ambaliya ta ja da baya bayan kaka, masunci yakan ɗauki komarsa da gorarsa ya nufi bakin gulbi, ya yi bukkar kaba, ya shafe makonni yana su yana banda. Bafulatani ma yakan gangaro da shanunsa fadama ya kafa ruga har ruwan farko ya sauka. Sabon abin shi ne samari 'yan birni da ke son su ɗauki tanti su je su kwana ɗaya ko biyu a ƙarƙashin itatuwa, su ga tsuntsaye, su ci kifin da aka gasa a gabansu. Ɗalibai daga Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa sun sha tambayata yadda ake yi, kuma kusan kullum tambayarsu ta farko ita ce irin tantin da za su saya. Ni kuwa a wurina tanti shi ne na ƙarshe a lissafi. Abin da ke gyara zango ko ya ɓata shi abu biyu ne: wurin da ka kafa shi, da mutanen da ka gaisar kafin ka kafa.

Sai ka fara sanin halin kogin. Kogin Haɗejiya ruwan Kano ne da na Challawa suka haɗu suka yi shi. Yana isowa ƙasarmu sai ya tarar da shimfiɗaɗɗen fili da tsofaffin tuddan yashi, ya rarrabu. Wani reshe, wanda ake kira Kogin Kafin Hausa, ya ɓalle ya nufi wajen Kogin Jama'are. Gabas da Haɗejiya kuma ruwan ya sake tsagewa, wani ya bi Marma zuwa tafkin Nguru, wani ya bi Burum Gana, kafin a je a haɗu da ruwan Jama'are a yi Komadugu Yobe mai zuba a Tafkin Chadi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan nan bai ƙara bin damina kaɗai ba. Ana iya sako shi daga sama domin noman rani, ya iso maka a tsakiyar hunturu, sararin sama fes babu ko ɗigon hadari. Wanda bai san wannan ba shi ne ke shimfiɗa tabarma a kan farin yashin tsakiyar kogi don ya ga ya bushe.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu. Ƙasa ta tsane, hanyoyin babur sun buɗe, sauro ya ragu ko da yake bai ƙare ba, ga kuma agwagin ruwa da sauran tsuntsayen da ke tserowa sanyin Turai sun cika fadamu. Daga Agusta zuwa Oktoba kada ma ka fara. Wanda ya ga abin da ruwa ya yi wa Kafin Hausa da Auyo da Miga a 2020 da 2022 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Bazara kuma zafinta kan wuce digiri 40, tanti ya koma tanda tun da hantsi.

Wurin zuwa bai yi wuya ba. Akwai ƙananan kurmi na giyayya da bagaruwa da kanya a bakin rassan kogin, kusa da ƙauyuka da yawa. Wanda ke son babban daji sai ya nufi Baturiya a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, gandun da aka sa a jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008, wanda kuma yake cikin sababbin gandayen ƙasa goma da gwamnatin tarayya ta amince da su a 2020. Can akwai ma'aikatan gandu, kuma ba a shiga a kwana sai da izininsu. Su za su nuna maka inda aka yarda a sauka. Farauta da sare itace laifi ne a ciki. Ga mai fara koyo, na fi son ya zaɓi ƙaramin kurmi wanda daga cikinsa yake jin kiran sallar ƙauye. Idan wani abu ya taso da dare, taimako na kusa.

Yanzu ga maganar gaisuwa, wadda na fi so a riƙe. Babu bakin ruwan da ba shi da mai shi. Gaɓar da ka ga babu kowa, wataƙila gonar shinkafar wani ce da aka girbe, ko mashayar shanu, ko gurbin da Sarkin Ruwa ya hana su a cikinsa sai ranar da aka sa. Kuma a wannan zamani, baƙin fuska biyar da suka shiga kurmi da magariba suka kunna tocila, ba wanda zai ɗauka hutawa suka zo yi. Saboda haka ka isa ƙauyen da rana tsaka, kafin la'asar, ka nemi gidan bulama ko mai unguwa. Ka cire takalmi, ka durƙusa, ka gaisa a tsanake, ka tambayi iyali da gona da ruwa. Goro ko ɗan sukari da ganyen shayi sun isa a riƙe a hannu. Sannan ka ce: "Ranka ya daɗe, mu baƙinka ne daga wuri kaza, mu biyar. Muna neman izini mu kwana biyu a bakin ruwa, ranar Lahadi da hantsi za mu tashi." Ka faɗi adadinku da ranar tafiyarku a fili, ka bar lambar waya. Sau da yawa zai haɗa ka da wani yaro ko ɗan sintiri ya raka ku, kuma wannan ɗan rakiya ya fi duk wata taswirar da ke cikin wayarka. Ka sallame shi da abin kirki. Idan za ku kai kwana uku ko kuna da yawa, ku biya ofishin 'yan sanda mafi kusa ku sanar.

Na koyi darajar wannan ne a fitata ta farko. Mun gaisa da bulama, amma muka ƙi jiran ɗan rakiya don muna ɗokin ganin ruwa. Muka sami wani fili mai laushi, taku goma daga bakin kogi, ga inuwar giginya, ga kacalla kore shar a gefe. Muna cikin buga turaku sai ga wani dattijon masunci ya turo kwalekwalensa gaɓa. Ya yi sallama, ya tsaya yana dubanmu, sannan ya ce, "Samari, a nan za ku kwana?" Na ce, "Eh, Baba." Bai ce komai ba, ya kama hannuna ya kai ni gindin wata giyayya, ya ɗaga idonsa sama. A kan reshe, daidai tsayin kafaɗata, ga busasshiyar ciyawa da tsumma da leda sun sarƙafe, jikin itacen kuma daga nan zuwa ƙasa ya yi fari da busasshiyar laka. Ya ce, "Ɗana, nan ruwa ya tsaya bana. Shekaranjiya kuma ya ƙaru da taki guda cikin dare, ba a yi mana sallama ba." Ya nuna giginyar, ya nuna 'ya'yanta da suka faɗo suka lotsa ƙasa, ya nuna kacallar ya ce gidan sauro ce. Muka tuge turakunmu muka bi shi zuwa wata jigawa, tafiyar minti uku.

Abin da ya nuna mini shi ne dukan ilimin zaɓen wuri. Ka nemi jigawa, wato tudun yashi da ya ɗaga sama da fadama, irin wanda jiharmu ta samo sunanta daga gare shi. Ka duba jikin itatuwa ka ga alamar inda ruwa ya kai, ka hau sama da ita gwargwadon hali. Baƙar laka mai tsagewa ba wurin kwana ba ce: da rana kamar dutse, da dare ta yi sanyi ta jiƙe da raɓa, tsagunanta kuma maɓoyar kunama ce. Ka bar aƙalla taku saba'in tsakaninka da ruwa, ka nisanci kacalla fiye da haka, domin a cikinta sauro da dodon koɗi da macizai ke zama. Ka duba ƙasa: in ka ga sawun kofato da kashin shanu sun yi layi zuwa ruwa, kana kan burtali ne, kuma da asuba garke zai bi ta kanka. Ka kauce wa mashigin da mata ke wanki da ɗiban ruwa. Zamanku a wurin zai hana su sakewa, kuma ba za su faɗa maka ba.

Sannan ka ɗaga kai. Giginya da 'ya'yanta masu nauyi da busasshen ganyenta ba ta da amana. Gawo yana da inuwa da rani, amma awaki da shanu na taruwa a gindinsa don 'ya'yansa, ga ƙaya, ga kaska. Itacen da ka ga ƙasansa ya yi fari da kashin tsuntsu makwancin balbela ne. Kuka mai kogo, ko itacen da aka ɗora wa amya, akwai zuma, kuma hayaƙin wutarka zai tayar da ita. Kanya da tsamiya su ne na fi so, in babu mataccen reshe a sama. Na san akwai masu gudun kwana a gindin tsamiya. In a cikinku akwai wanda ransa bai kwanta ba, ku matsa, barcinsa ya fi inuwar. Suri kuwa, ko tsoho ne, a ba shi tazara, domin gara za ta ci tabarma kuma ramukansa ɗakin maciji ne.

Kafa tantin ba ya cin minti ashirin in an share wuri. A share ƙasa da reshe ko tsintsiya, a tsince ƙaya da ƙarangiya, kada a sa hannu a ƙarƙashin tarin ganye. A shimfiɗa tamfol, a naɗe gefensa ciki yadda ba zai leƙo waje ya tara raɓa ba. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka bayan tanti ya dubi can, ƙofa ta dubi kudu maso yamma. Siraran turakun ƙarfe da ake sayar da tanti da su ba sa riƙe yashi. Ka fere naka na itace, tsawon kamu ɗaya, ka buga su a karkace, kansu na kallon nesa da tantin. Inda yashin ya yi laushi ƙwarai, ka ɗaura igiya a tsakiyar guntun itace, ka haƙa rami taki guda, ka binne shi a kwance ka taka. Iska ba ta tuge wannan. Wanda ba shi da tanti kada ya fasa tafiya. Igiya tsakanin itatuwa biyu, tamfol a kanta, gidan sauro mai magani a ƙarƙashi da aka cusa gefensa a ƙarƙashin tabarma ta ko'ina, ya wadatar, kuma haka masunta da yawa ke kwana. Abin da ba a sassauci a kansa shi ne gidan sauron.

Sanyin bakin ruwa yakan ba baƙo mamaki. Cikin Janairu dare kan sauka ƙasa da digiri 15, kuma daga ƙasa sanyin ke shiga jiki, ba daga sama ba. Bargo ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama, da hula da safa. Kada ka kuskura ka shigar da kaskon gawayi cikin tanti ka rufe. Garwashi na fitar da iskar da ba ta da wari, mutum ya yi barci bai farka ba.

Dutse ba ya samuwa a fadama, saboda haka murhun duwatsu uku sai dai na busassun guntayen laka, ko ka haƙa ɗan siririn rami tsawon kamu ɗaya, bakinsa na fuskantar iska, ka ɗora tukunya a kan gaɓoɓinsa. Wannan murhun ramin ya fi cin itace kaɗan, kuma tartsatsi ba ya tashi. Ka yi shi a gaban tanti, taku shida ko bakwai, ta yadda iska za ta kwashe hayaƙi ta yi gaba da shi, ka kuma kankare ciyawa taku biyu ta kowane gefe. Ciyawar hunturu kamar fetur take, kuma bayan kurmin nan akwai tarin shinkafar wani da bai sussuka ba. Itace kuwa, wanda ya faɗo ya bushe kaɗai za ka tsinta. Kurmin bakin kogin nan ya sha gatarin masu itacen sayarwa da masu gawayi, raina na ɓaci duk lokacin da na koma na tarar da kututture a inda na bar inuwa. Kada mu da muka zo don sha'awar wurin mu ƙara masa ciwo. Busasshiyar bagaruwa na yin garwashi mai daɗewa. Ɗan busasshen kashin shanu a kan wuta da magariba na rage sauro, dabarar Fulani ce. In da hali, ƙaramar tukunyar gas ta raba ka da duk wannan.

Abinci kada ya zama aiki. Shinkafa da wake da mai da yaji, taliya, garin kwaki da ƙuli-ƙuli, dabino, kayan shayi. Sauran a wurin za ka samu, kuma ya fi kyau ka saya a wurin: da sassafe masunta na fitowa da tarwaɗa da karfasa da ƙurungu, matan Fulani na kawo nono da fura, masu lambu na da albasa da tattasai da tumatir. Karfasar da aka fito da ita yanzu, aka tsaga, aka shafa mata gishiri da yaji aka ɗora a garwashin bagaruwa, ba ta buƙatar komai kuma. Ka yi hankali da ƙayar ƙurungu wajen kamawa. In kana son jefa fatsa, ka tambayi Sarkin Ruwa tukuna. Ragowar abinci a rataye a reshe cikin rufaffen kwano saboda kwarkwasa da karnukan ruga.

Ruwan kogi ba na sha ba ne, kome kyansa a ido. Sama da kai akwai garuruwa da dabbobi da gonakin da ake zuba wa taki da maganin feshi. Ka cika jarka a famfon ƙauye, ka lissafa lita biyar ga kowane mutum a yini don sha da girki da alwala. Jarka mai lita 25 ta ishi mutum biyar kwana guda. In dole ta sa ka ɗebi na kogi, ka bari ya kwanta, ka tace da tsumma mai tsabta, ka tafasa shi ya yi minti guda yana ɓararraka. Ka riƙe ƙunshin gishiri da sukari na asibiti saboda gudawa. In babu, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Wanka a kogi shi ne jarabar da ta fi kama samari, kuma a nan nake roƙo. Ruwan da ke kwance kusa da ciyayi yana ɗauke da tsargiya. Ƙwayar cutar daga dodon koɗi take fitowa, ta huda fata ba ka ji ba, sai bayan makonni ka ga jini a fitsari. Yaran bakin kogi da yawa suna fama da ita har wasu na ɗauka alamar girma ce, alhali cuta ce mai lalata mafitsara, kuma tana da magani a asibiti. Ka ɗebi ruwa a bokiti ka dafa shi kafin wanka, ko ka bar shi ya kwana biyu. Ga kuma gurbi: gaɓar da ke kai maka gwiwa, taku ɗaya gaba ta shanye mutum. Shiga kwalekwale sai da mai shi, da rana, ba a cika shi ba, da rigar ruwa in akwai. Mun rasa mutane da yawa a jihar nan a kifewar jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima.

Maciji ba ya neman mutum, taka shi ake yi. Kububuwa da kasa kalar ƙasa gare su, kuma da dare suke fitowa. Bayan magariba ba a tafiya sai da rufaffen takalmi da tocila, ba a tsintar itace a duhu, da safe kuma a zazzage takalmi kafin a sa ƙafa. In tsautsayi ya faɗa, kada a ɗaure da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɓata lokaci wajen neman mai magani. A cire zobe ko agogo, a ɗaura wa gaɓar itace kamar karaya don kada ta motsa, a ɗauki mutum a kai shi asibiti, a riƙe lokacin da abin ya faru. Saran kububuwa kan yi kamar ba komai a ranar farko, sannan jini ya ƙi tsayawa; shi ya sa ake ce mata gobe-da-nisa. In kumurci ya tofa dafi a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa. Tun kafin ku fita, ku tambaya a babban asibitin Kafin Hausa ko na Haɗejiya ko akwai allurar dafin maciji, ku kuma karɓi lambar mai babur ɗaya a ƙauyen wanda zai ɗaga waya da tsakar dare.

Bayan gida a yi nesa da ruwa, taku saba'in ko fiye, a haƙa rami taki guda, a rufe. Wanda ya yi a gaɓa, ƙauyen da ke ƙasa ya aika wa.

Ladan duk wannan wahala da asuba ake karɓarsa. Ka idar da salla, ka ɗora shayi, ka zauna shiru a bakin jigawa da bargonka. Hazo na kwance a kan ruwa. Kirinjijiya za su fara wucewa garke-garke suna fito, zalɓe na tsaye a ƙafa ɗaya a bakin kacalla, dinya ta sauka da nauyinta, can kuma ka hangi masunci kwance a kan gorarsa yana tura ruwa da hannu, koma a gabansa. Wasu daga ƙananan agwagin da ke gabanka sun ƙetare Bahar Rum da Sahara kafin su sauka a nan. Rediyo da lasifika a bar su a gida. Ƙara na korar tsuntsaye, kuma tana kai wa ruga da ƙauye. Hoton mutum, musamman mace, ba a ɗauka sai an tambaya.

Ranar tashi, a bari rana ta busar da raɓar tanti kafin a naɗe, in ba haka ba zai yi fumfuna. A kwashe leda da gwangwani da batir a koma da su gari. Ledar da saniya ta haɗiye na iya kashe ta. A zuba wa murhu ruwa, a motsa toka, a ƙara zubawa, a kara bayan hannu a ji babu ɗumi, sannan a mayar da ƙasar ramin. Yashi kaɗai ba ya kashe garwashi, rufe shi yake yi. Wanda ya ji zazzaɓi cikin mako biyu da dawowa ya je a gwada jininsa, ya kuma gaya wa likita inda ya kwana. Kafin ku hau hanya, ku koma ƙofar bulama ku yi sallama, ku ce, "Ranka ya daɗe, mun fito lafiya, mu biyar ɗin." In bai ga fitowarku ba, zai tayar da mutane su shiga kurmi nemanku.